Kwana uku muna bin sawun tsinkewar zare a injin surfani

Shagona yana Aboabo a cikin Kumasi, kuma abin da muke ci da shi shi ne aikin wuya da aljihu da bakin hannun kaftani, sai kuma bajon 'yan makaranta da tambarin ƙungiyoyi idan Sallah ta wuce kasuwa ta lafa. Injin surfanin da muke aiki da shi na kwamfuta ne, mai kai huɗu, kowane kai da allura tara. Ƙirar ƙasar Sin ne, na hannu na saye shi, kuma a tsarinsa ya bi sawun injunan Tajima na Japan, waɗanda masu wannan sana'a da yawa suke auna sauran injuna da su. Na shekara huɗu tare da shi, amma ban taɓa zama na dubi cikinsa da idon basira ba sai a azumin 2025, lokacin da kai na uku ya zame mana ƙarfen ƙafa.

Azumin waccan shekarar ya kama a farkon watan Maris, wato bayan hunturu ya gama zuba ƙurarsa, kuma teloli daga Aboabo da Asawase da Alabar sun riga sun cika mana shago da shadda. A rana ta tara ga azumi kai na uku ya fara tsinka zare. Da fari yakan yi ɗinki dubu uku ko huɗu kafin ya tsaya, amma kafin La'asar sai ya zamana ba ya kai ɗari biyar. Wanda bai san irin wannan inji ba zai iya ɗauka cewa matsalar kai ɗaya ce kawai, alhali kuwa kawunan huɗu a kan sanda ɗaya suke tafiya, don haka duk lokacin da zare ya tsinke a ɗaya, dukkansu suke tsayawa su jira a zura zare, a mayar da firam, wato abin da ake ɗaure yadi a ciki, baya kaɗan, sannan a sake tayarwa. Wuyan da muka saba gamawa cikin minti ashirin ya koma cin kusan sa'a guda. Ana iya kashe kan da ya lalace a ci gaba da uku, kuma hakan muka yi a daren, sai dai wannan yana nufin an zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na aikin yini a watan da ba shi da na biyu a wurinmu.

Abin da na yi washegari shi ne abin da nake ganin yawancinmu muke yi, kuma shi ne ya ƙara dagula lamarin. Na kama maɓallan tsaurin zare na sama ina murzawa, na sassauta wannan, na ɗaure wancan, ba tare da na ƙirga zagaye nawa na yi wa kowanne ba. Da na ga bai yi ba sai na rage gudun injin daga ɗinki 800 a minti zuwa 550, na canza zare, na canza kwarkwaro, duk a lokaci guda. Tsinkewar ta ragu kaɗan, sai kuma wata sabuwar matsala ta fito: zaren ƙasa ya fara leƙowa a fuskar aiki a wasu allurai, a wasu kuma zaren sama ya yi sako-sako yana tashi kamar gashi. Da Azahar na ɓata wuyan wata farar shadda, wanda sai da muka yini muna farke shi da reza a hankali. A nan ne na haƙura na aika a kira wani dattijo mai gyaran injunan ɗinki, wanda ya fara da kekunan ƙafa tun kafin injin kwamfuta ya shigo zango. Kowa a cikinmu Baba yake kiransa.

Ya iso da hantsi a rana ta uku da wata ƙaramar jaka, kuma bai buɗe ta ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. "Ɗana," in ji shi, "a allura ɗaya zaren yake tsinkewa, ko a dukkansu?" Na ce a dukkan taran. Ya ce, "A kai ɗaya, ko a kowane kai?" Na ce a na uku kaɗai. Ya sake tambaya ko a wuri ɗaya na zanen yake tsinkewa kullum, ko kuwa a duk inda ya ga dama, na ce a ko'ina. Sannan ya tambaye ni abin da na taɓa, na lissafa masa duka ban ɓoye komai ba, ya girgiza kai ya ce to yanzu aiki ya zama biyu, akwai ciwon da injin ya zo da shi, akwai kuma wanda magani ya jawo.

Waɗannan tambayoyi uku su ne abu mafi daraja da na samu a wannan mako, domin su suke nuna inda za a duba kafin a ɗauki sukundireba. Idan a allura ɗaya kawai zare yake tsinkewa, to laifin yana kan abin da wannan allura ta keɓanta da shi, wato ita kanta allurar, ko zarenta, ko hanyar da zaren yake bi daga tsayuwarsa har zuwa idonta. Idan kuwa dukkan allurai na kai ɗaya ne suke tsinkawa, to sai a duba abin da suka yi tarayya a kansa, kuma duk yana ƙasa: farantin ƙarfe mai ramin da allura take shiga, da kwarkwaron zaren ƙasa, da ƙoshiyar da yake zama a cikinta, da ƙugiyar da take juyawa tana kama zare. In kuma duk kawunan ne suke tsinkewa a wuri ɗaya na aiki, to injin ba shi da laifi, a koma kan zanen ko kan yadda aka ɗaure yadi a firam. A bisa wannan lissafi, maɓallan da na yini ina murzawa ba su da hannu a matsalar tun farko, tunda ba zai yiwu tara su lalace a rana ɗaya a kai ɗaya ba.

Duk da haka da allura ya fara, saboda a cewarsa ba a gwajin inji da tsohuwar allura. Ya kashe wuta, ya zare allura ta ɗaya, ya mirgina ta a kan gilashin tebur don ya ga ko ta lanƙwashe, sannan ya ja tsininta a kan farcensa. Allurar waɗannan injuna ita ce mai lamba DBxK5, kuma mu galibi da mai girman 75/11 muke aiki, wato mai kaurin milimita 0.75, sai idan za a yi aiki da zaren zinariya ko yadi mai kauri a koma 80/12 ko 90/14. Bambancinta da allurar keken gida shi ne gindinta zagaye ne, ba shi da ɓangare mai faɗi da zai tilasta ta zauna daidai, don haka tana iya shiga a karkace kuma a ɗaure ta a haka. Dogon kwarin da zare yake kwanciya a ciki dole ya fuskanci mai aiki, ɗan lotsawar da ke saman idon kuma ya koma baya, inda bakin ƙugiya zai wuce. Baba ya zura tsinin tsohuwar allura a idon sabuwar ya riƙe ta da shi, ya daidaita fuskarta, ya tura ta sama har ta tokare, kafin ya ɗaure. A cikin taran ya samu biyu a karkace, ɗaya kuma ba ta kai ƙarshe ba.

Daga nan ya sauka ƙasa. Ya ciro ƙoshiya, ya zare kwarkwaron, ya yagi kusurwar wani kati ya zura a ƙarƙashin ɗan siririn ƙarfen da yake danne zaren ƙasa. Abin da ya fito ya ba ni mamaki: wani ɗan dunƙulen gashin zare haɗe da jar ƙura, wanda ya daskare har ya yi kama da ƙullin goro da aka tauna. Ya ce kada a taɓa sa allura ko reza a wannan wuri, domin ƙarfen yana karcewa, kuma idan ya karce shi ma zai koma cin zare. Bayan ya share, ya mayar da kwarkwaro, ya riƙe bakin zaren ya bar ƙoshiyar tana lilo, ya ɗan girgiza hannunsa sau ɗaya, ta sauko kamar tsawon gaɓar yatsa biyu ta tsaya. Wannan shi ne gwajin da kowane tela ya sani, amma Baba bai tsaya a nan ba, ya fito da ma'aunin tsaurin zare na kamfanin Towa ya ɗora ƙoshiyar a kai. Zaren ƙasa a aikin shimfiɗe ana so ya tsaya tsakanin giram 18 da 22, namu kuwa bayan sharewa ya zarce haka nesa, saboda wani ya taɓa ɗaure sukurun don ya rama sakin da dattin ya jawo. Ya sassauta shi kaɗan-kaɗan, yana aunawa bayan kowace murzawa. Ya ce da ƙasa ake farawa kullum, saboda kwarkwaro ɗaya ne yake hidimar allurai tara, kuma duk wanda ya daidaita sama a kan ƙasan da bai zauna ba zai maimaita aikin sau tara.

Da ya cire faranti sai muka ga abin da hunturu ya bari. Ƙurar da take shigowa daga Disamba zuwa Fabrairu ta haɗu da mai da gashin zare ta zama wani baƙin laka a kewayen ƙugiya da tsakanin wuƙaƙen yanke zare. Na ɗaga baki zan hura, ya riƙe ni, ya ce numfashi yana ɗauke da damshi, damshi kuma tsatsa yake haifarwa, ga shi hurawa tana tura dattin ciki maimakon ta fito da shi. Da ƙaramin buroshi da hantsaki ya share, ya ɗiga farin man keke ɗigo ɗaya a hanyar da ƙugiyar take gudu. Ya tambaye ni sau nawa muke ba ta mai, na ce kowace safiya. Ya ce ai ƙugiya sau biyu take zagayawa a duk ɗinki ɗaya, ke nan idan inji yana ɗinki 800 a minti ita tana zagaye 1,600, kuma ɗigo ɗaya ba ya wuce mata kimanin sa'a huɗu na aiki. Mu kuwa a azumi muna tashi tun bayan Asuba, mu dawo bayan Tarawihi mu kai tsakar dare, duk a kan ɗigon safiya. Ya kuma ja kunnen yaran shago cewa man mota ko man girki ba sa shiga wannan wuri, sannan duk lokacin da aka ɗiga mai a fara ɗinki a kan tsumma kafin a ɗora shaddar mutane.

Muka mayar da komai muka gwada, kuma ina da yaƙinin an gama, sai ga zare ya sake tsinkewa kafin ɗinki dubu. Baba bai nuna damuwa ba. Ya ɗauki bakin zaren da ya tsinke ya kai shi ƙofar shago inda haske yake, ya kira ni in duba. Ya ce bakin zare yana faɗin abin da ya same shi: idan ya narke ya yi ɗan ƙulli, zafi ne, idan ya tsinke a miƙe bayan ja, tsauri ne ya yi yawa, idan kuwa ya sassaɓe ya yi buzu-buzu, silinsa ɗaya ya yanke ɗaya ya tattare, to wani abu mai kaifi ne yake gogarsa a hanya. Namu irin na ƙarshen ne. Sai ya sake cire farantin, ya murɗa ɗan audugar goge kunne ya zura a ramin da allura take shiga, ya juya, ya zaro. Silin auduga biyu suka maƙale a gefen ramin. Da aka haska tocila sai ga ɗan karce, ƙarami ƙwarai, wanda ido ba zai lura da shi ba sai an san inda za a duba. Ya bi bakin ƙugiya da farcensa, nan ma farcen ya tsaya a wani wuri kusa da tsinin.

Ya ɗago ya ce, "Allura ta karye a wannan kai kwanan nan, kuma ba ƙaramar karyewa ba ce." Na ce ban sani ba. Shago ya yi tsit, can sai ƙaramin yarona, wanda bai cika shekara da fara koyo ba, ya matso ya ce, "Masta, ni ne." Ashe a daren takwas ga azumi ya ɗora ƙaramin firam bai sa injin ya zagaya iyakar zanen ba kafin ya tayar, allura ta sauka a kan bakin firam ta karye, ya tsince gutsattsarin, ya sa sabuwa, ya yi shiru saboda tsoro. Raina ya ɓaci, amma da na yi tunani na ga cewa ni ne na gina wannan tsoron, domin duk wanda ya karya allura a shagon nan, faɗa yake sha. Da ya faɗa mini a daren, da gyaran bai wuce sa'a guda ba, da kuma farar shaddar nan ba ta ɓaci ba. Baba ya ce masa, "Yaro, karya allura ba laifi ba ne a wannan sana'a, kowa ya karya. Ka dai riƙa haɗa gutsattsarin ka ga sun cika allura ɗaya, in ba su cika ba kada ka tayar, sannan ka faɗa wa maigidanka." Tun daga ranar na ajiye wani gwangwani da ake jefa duk allurar da ta karye, kuma na daina yi wa kowa faɗa a kanta.

Ramin farantin Baba ya goge shi da siririn yankin sanfefa mai laushi ƙwarai, lamba 1000, yana ja da komowa kamar mai sakace, har auduga ta daina maƙalewa. Bakin ƙugiyar kuwa ya taɓa shi a hankali matuƙa, yana cewa tsinin nan idan aka ci shi da yawa ba ya dawowa, kuma gyaran da ya yi na wucin gadi ne, bayan Sallah sai an canza ta. Sai a wannan mataki, bayan an kawar da duk abin da yake da sauƙi, ya ce bari a duba taimin, wato daidaiton lokacin da allura da ƙugiya suke haɗuwa. Ya bayyana mini yadda ɗinki yake ƙulluwa: allura tana sauka har ƙarshe, idan ta fara tasowa da kamar milimita biyu sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta, a daidai wannan ƙiftawar ido bakin ƙugiya zai shiga lanƙwasar ya ɗauke ta, ya zagaya da ita bayan ƙoshiya, ta sarƙe da zaren ƙasa. In ƙugiya ta riga lokaci, lanƙwasar ba ta buɗe ba. In ta makara, ta riga ta faɗi. Ko wanne ya faru sai a samu tsallaken ɗinki ko tsinkewa.

A gefen injin akwai faifai mai lambobin digiri da ake gani ta wata ƙaramar taga. A irin namu injin yana hutawa a digiri 100, allura tana kai ƙarshen saukarta a wajen 180, ƙugiya kuma ya kamata ta iso bayan allura a wajen 200. Wasu injuna lissafinsu daban ne, shi ya sa ya ce in ɗauko littafin injin mu tabbatar kafin ya taɓa komai, duk da cewa ya san lambar a ka. Wuta a kashe, ya sa ni juya babban sanda da hannu a hankali, shi kuma yana tsugune da tocila. A 200 bakin ƙugiyar bai iso ba, sai da na kai 206 ya tsaya a bayan allura. Bugun da allurar ta yi ya goce da ita. Ya sassauta biyu daga cikin sukurori ukun da suke riƙe ta, na tsayar da faifan a 200 cif, ya sassauta na ukun, ya juya ta da yatsa har tsininta ya zo daidai tsakiyar allura, a cikin lotsawar nan ta baya. Akwai kuma tazarar da ake bari tsakanin tsinin da jikin allura, daga milimita 0.1 zuwa 0.3, wadda ya auna da yankin takarda: ta shiga tana ɗan gogawa, ba ta maƙale ba. Ya ɗaure sukuru ɗaya, ya sa na zagaya sandan sau biyu ya sake dubawa, ya gwada da allura ta ɗaya da ta tara don ya tabbata tazarar ba ta bambanta ba, sannan ya ɗaure sauran. Muka mayar da faifan 100 kafin a kunna. Wannan aiki duka bai kai minti arba'in ba, amma na fahimci dalilin da ya sa ya bar shi a ƙarshe: wanda ya fara da taimin alhali karcen faranti ne yake cin zarensa zai kwance abin da yake daidai, ya kuma bar ciwon a inda yake.

Saura ɓarnar da na yi da hannuna. Ya sa aka ɗora zanen gwaji, sanduna tara a jere, kowace allura ta cike ɗaya, a kan ragowar shadda da takardar da ake shimfiɗawa a bayan yadi irin wadda muke aiki da ita. Da aka gama ya kife yadin. A bayan aiki mai kyau zaren ƙasa yana kwanciya a tsakiya ya ci kashi ɗaya cikin uku na faɗin sandar, zaren sama kuma ya ci kashi ɗaya a kowane gefe. Inda farin zaren ƙasa ya yi faɗi, sama ya yi tsauri. Inda ya ƙanƙance ko ya ɓace, sama ya yi sako. Tara ɗin nan babu biyu da suka yi kama da juna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, rabin zagaye a kowane karo, yana jan zaren da ma'auni har ya zauna tsakanin giram 120 da 150, wanda shi ne daidai ga zaren foliyesta mai lamba 40 da muke amfani da shi. Sai da muka ɗinka zanen gwajin sau huɗu kafin ya gamsu. Aka kira Magariba muna kan na huɗun, muka sha ruwa a ƙofar shago da koko da ƙosai, muka yi salla, muka dawo muka ɗora wuyan gaske. Kai na uku ya yi ɗinki dubu goma sha takwas bai tsaya ba.

A daren ne wata matsalar da ta ɓuya a bayan ta farkon ta bayyana. Akwai wani zane mai tsinaye irin na aska da wani tela ya kawo, wanda duk kawunan huɗu suke tsinka zare a tsininsa na hagu. Wannan karon ban taɓa maɓalli ko ɗaya ba, na tuna tambaya ta uku. Da na bincika sai na tuna cewa ni na rage girman zanen a allon injin don ya shiga wuyan yaro. Fayil ɗin zane irin na DST, wanda Tajima ta ƙirƙiro kuma kusan kowane inji yake karantawa, ɗinki kawai yake ajiyewa, wato inda allura za ta sauka bi da bi, ko launin zare ba ya riƙewa sai dai alamar a canza. Idan aka matse shi a injin yawan ɗinkin yana nan yadda yake, fili ne kawai ya ragu, sai allura ta riƙa sauka a rami ɗaya tana yanke zaren da ta riga ta shimfiɗa. Na mayar wa mai zana mana aiki, ya buɗe ainihin fayil ɗin a manhajar Wilcom, ya rage shi a can inda kwamfuta take sake lissafin ɗinkin, ya cire ƙananan ɗinkin da suka taru a tsinin, matsalar ta wuce.

Kafin Baba ya tafi ya duba wuƙaƙen yanke zare na sauran kawunan, ya share su, ya kuma dubi sitabilaizar da wayar lantarkin da ake binnewa a ƙasa, ya ce idan wuta tana rawa ko hadari ya taso a kashe injin daga bango, domin allon lantarkinsa ya fi duk sauran kayansa tsada da wuyar samu. Maganar sabuwar ƙugiya kuwa, na tambaye shi ko za a iya ƙera ta a Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai ta Kumasi, tunda babu ƙarfen mota da ba a sarrafawa a can. Ya ce maƙeran Suame za su iya yi mini ƙafar tebur ko sandar firam, amma ƙugiya aiki ne na ma'aunin da bai kai kaurin gashi ba, gara a nemi ta asali, ƙirar Japan irin ta Hirose ko Koban, a kuma tabbata lambarta ta yi daidai da ta injin. Na aika Accra aka sa mini ita a motar haya, ta yi tafiyar kimanin kilomita 250 ta iso washegari, na ajiye ta a aljihun tebur har muka gama aikin Sallah da gogaggiyar.

Yanzu akwai littafi a rataye a jikin injin. Duk wanda ya buɗe shago yana share ƙarƙashin faranti da buroshi, ya zura kati a ƙoshiya, ya ɗiga mai, ya rubuta lokaci, a sake ɗigawa da Azahar, a sake idan za a yi aikin dare. Ranar Juma'a da safe ake bai wa sandunan allura mai, giris na hanyoyin firam kuma bayan wata uku. Idan zare ya fara tsinkewa, ba a taɓa komai sai an rubuta allura ta nawa ce, kai na nawa ne, kuma a wane wuri na zane, sannan a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta abin da aka gani. Da hunturu muna rufe injin da mayafi kowane dare, da damina kuma, wadda a Kumasi take zuwa sau biyu a shekara, muna goge ƙugiyoyin da tsumma mai ɗan mai idan za a kwana biyu ba a yi aiki ba.

Mako guda bayan Sallah Baba ya dawo aka sa sabuwar ƙugiyar, kuma a wannan karon ni na tsuguna da tocila da yankin takarda, ƙaramin yaron nan ya juya sanda yana kiran lambobi, Baba yana zaune a kan benci yana kallonmu. Sau biyu na ɗaure ya ce in kwance, a na uku ya sa farce ya taɓa allurar ya ce ta zauna. Tsohuwar ƙugiyar tana cikin gwangwanin kayan gyara a naɗe da tsumma, kuma duk sabon yaron da aka kawo koyo, a makonsa na farko nake ba shi ita ya bi bakinta da farce har ya gano inda allura ta sare ta.